Baƙin da Kawu Ya Kawo

Ranar da Kyaftin ya bugi ƙirji ya ce shi kaɗai zai zaɓo littattafan baƙi, babu wanda ya roƙe shi. Haka yake dama. Mai gyaran fanka ne, ko kwalekwale bai taɓa tuƙawa ba balle jirgin sama, amma shi ya raɗa wa kansa Kyaftin, ya kuma nace har sunan ya bi shi. Yanzu ko tsofaffi in sun kawo gyara cewa suke, "Kyaftin, duba mini wannan, ta daina juyawa."

Duk Asabar da la'asar yakan kwashe injinan fanka da tarkacen waya daga kan teburin shagonsa, ya shimfiɗa taswirar taurari da ya zana a bayan kwali, mutum uku su zo su zauna: Tela, da Mai Gadi, da ƙanwarsa Auta wadda take aikin nas. Wasan da suke yi ba shi da wuyar bayani, kare shi a gaban manya ne ke da wuya. Kowa zai ɗauki jarumi guda ya zama shi, su hau jirgin sararin samaniya wanda babu shi sai a labari, su yi ta yawo daga wannan duniya zuwa waccan. Jagoran wasa ne ke faɗin abin da suka tarar. In mutum ya ce zai harba bindiga ko zai tsallake rami, sai ya jefa ɗan ludo mai fuska ashirin, abin da ya fito shi ne hukunci. Mu masu wannan wasa mun san yadda ake kallonmu, ƙatti da gemu muna dafe kai don ɗan ludo ya nuna ɗaya.

Halittun da ake tararwa a waɗancan duniyoyi su ne baƙin sama, amma 'yan teburin sun gaji da dogon suna, baƙi kawai suke cewa. Kowace ƙabila ta baƙi akwai littafinta da aka wallafa, mai bayanin kamanninsu da ƙarfinsu da lagonsu da yarensu. Jagora yakan buɗe littafin a bayan wani kwali da ake tsayarwa a gabansa don kada 'yan wasa su leƙa.

Shekara bakwai Kyaftin yana bayan wannan kwali, a kan wata kujera mai juyawa da ya samo wajen mai aski, an tallafe ƙafarta ɗaya da guntun katako. Sai dai labarinsu na baya bai ƙare lafiya ba. Sau biyu ya kashe jarumin Tela, don ya manta ya riga ya kashe shi. Sarkin baƙin da suka yi wata huɗu suna nema kuwa, da aka same shi sai ga shi da suna uku.

"Yaya, mun yi shawara," in ji Auta. "Asabar mai zuwa za a fara sabon labari. In ya yi daɗi, kujera taka ce. In aka sake irin ta baya, ni zan hau."

"Ke? Ke da na koya wa jefa ɗan ludo kina sa shi a baki?"

"Ni ɗin."

Ta zaro takarda daga jakarta. Littattafai biyar ta rubuta, kowanne da ɗan bayaninsa a gefe, da rubutun nan nata mai tsabta da ke ba shi haushi.

"Wannan na masu kama da ƙwari ne, shi Tela yake so. Wannan na 'yan kasuwa masu hannu huɗu. Ni dai shawarata a ɗauki guda ɗaya ƙarami a karanta shi da kyau. Ƙabila ɗaya ta ishe mu."

"Ɗaya? Ƙarami?" Kyaftin ya yi dariya har kujerar ta juya da shi. "Uku zan kawo. Manya. Irin waɗanda ko sunansu ba ki taɓa ji ba."

Ya ture takardar ko kallonta bai yi ba. Auta ta ninke abarta ta mayar jaka.

Abin da bai faɗa ba shi ne, shi ma bai taɓa jin sunansu ba. A shekara bakwai ɗin nan littafi guda ya mallaka, bangonsa ya cire, kuma bai taɓa wuce shafi na goma sha biyu ba, inda hotuna suka ƙare. Sauran duk iya magana ce. Ya san haka sarai, yakan ma gaya wa kansa in yana naɗa waya shi kaɗai: "Kai dai Kyaftin, harshenka ne kayan aikinka, ran da ya lalace babu mai gyara maka." Kuma yana tsoron rasa kujerar nan, tsoro na gaske, domin a duk mako nan ne kaɗai mutane ke yin shiru in yana magana.

Washegari ya kira Kawu, ƙanen mahaifiyarsu, direban babbar mota, wanda hanyarsa ke bi ta gaban wani katafaren shagon littattafai a can birni.

"Kawu, in ka shiga shagon nan ka ce su ba ka littafin baƙi. Guda uku. Waɗanda suka fi kyau."

"Littafin me?" Injin mota na ruri a bayan muryarsa.

"Baƙi!"

"Ba su da suna ne? Rubuto mini sunan mana, ɗan nan."

Nan ya kamata ya nemi Auta ta ba shi takardarta. Har ya yi tunanin hakan, na ɗan lokacin da mutum ke haɗiye yawu. Sai ya tuno yadda za ta miƙo takardar ba ta ce komai ba, wanda ya fi zagi ciwo.

"Kawu, masu shagon sun san aikinsu. Kana cewa baƙi za su gane. Ka ce Kyaftin ne ya aiko ka."

"Sun san ka ne?"

"Wa bai san ni ba a harkar nan?"

Da ya ajiye waya sai ya ga mutum uku sun yi kaɗan ga irin nasarar da ke tafe. Duk wanda ya kawo gyara a makon nan sai ya gayyace shi kallo. Ya aro benci biyu. Ya je har ƙofar Malama, mai koyar da 'yan aji ɗaya, wadda gidanta ke jikin shagon, ta kuma daɗe tana tambayar abin da ke sa manyan mutane ihu duk Asabar. Sannan ya ɗauko wata tsohuwar fanka ta tsaye, ya sake mata naɗi, ya ƙara mata ƙarfi, yana gaya wa duk mai wucewa cewa in ya kai ta lamba uku sai an riƙe hula.

Asabar ta zo, Kawu bai zo ba. Benci ya cika, wasu na tsaye a bakin ƙofa, Kyaftin na ta leƙen titi. Sai da Auta ta fiƙe fensirinta sau biyu sannan babbar motar ta tsaya a gaban shagon. Kawu ya miƙo ƙunshi ta taga, ya ce bari ya nemi wajen ajiye mota ya dawo.

"Buɗe mu gani," in ji Tela.

"Sirrin jagora ne," in ji Kyaftin. Ya ɗaga ƙunshin sama kowa ya ga kaurinsa, ya zauna a bayan kwalinsa, ya yage takardar a hankali.

Na farko littafin koyon baƙi da wasali ne na 'yan aji ɗaya, kowane harafi da hotonsa. Na biyu littafin baƙi ne irin wanda ake ajiyewa a ƙofar ofis, layi-layi, mai shiga ya rubuta sunansa. Na uku kuwa littafi ne mai baƙin bango, mai kauri, ciki babu ko ɗigo.

Ya leƙa ta saman kwalin, ya ga fuskoki wajen ashirin suna jiransa, ga Auta ta ɗora fensir a kan takarda. Mai hankali da sai ya miƙe ya ce jama'a an samu kuskure. Ya ce a ransa, "Kyaftin, ka riga ka faɗa ruwa, sai ka yi iyon da salo." Ya gyara murya.

"Jirginku ya sauka a wata duniya mai jan ƙasa. Kuna buɗe ƙofa sai ga wata halitta ta tunkaro ku." Ya buɗe shafin farko na littafin yaran. "Kanta kamar bokiti."

"Bokiti?" in ji Tela.

"Na ƙarfe. Kunnuwanta na ɓera ne. Hannayenta cokula."

"Ƙafafu fa?"

Ya juya shafi. "Na doki."

"Girmanta?"

"Ta kai ɗaki."

"Kai!" in ji wani a kan benci. Kyaftin ya ji sanyi a ransa. Ashe abin mai yiwuwa ne. Ya ɗaga murya ya ce idanunta fitilu ne, suna haska mutum har ƙashi. Can baya Malama ta karkata kai, leɓenta na ɗan motsi.

Auta ta dube shi, ta dubi Malama, ta ajiye fensir.

"Yaya, a kan me suke kwana?"

"Gado."

"Suna sa wani abu a ka?"

"Hula," ya faɗa da sauri, yana mamakin yadda tambayoyinta ke zuwa daidai da shafukan. Ƙanwa ta gari, ya ce a ransa. "To ga shugabansu nan tafe, a kan..."

"Jaki," in ji Malama a hankali.

Ya juya shafi. Jaki ne, yana masa murmushi.

"A kan wata dabba mai dogayen kunnuwa da ba a taɓa ganin irinta ba."

"Jaki ke nan."

"Malama, na sama ne. Ba su da dangantaka."

"Ni zan yi musu magana," in ji Auta. "Wane yare suke ji?"

Kyaftin ya saci kallon bangon littafin. "Yarensu baƙi ne zalla. Babu wasali ko ɗaya."

"To yi mana mu ji. Ai jagora ke yin muryar baƙi."

Dokar wasa ce, shi ya kafa ta da bakinsa. Ya cika ƙirji da iska, ya matse leɓe, ya fara: "Bɓ. Ccc. Dɗ. Fffff. Ggg." Yawu ya fantsama a kan taswira.

"Wallahi kukan fankar da na kawo maka wancan watan ke nan," in ji Mai Gadi. "Bayan ka gyara."

Shago ya ɗauki dariya. Kyaftin bai jira ta lafa ba, ya tayar da wata guguwa daga inda babu, ta sure jirginsu ta jefa shi duniya ta biyu. Ya ture littafin yaran gefe ya jawo na ofis.

"Waɗannan baƙin masu tsaron ƙofar duniyarsu ne. Ba sa yaƙi, tambaya suke yi, kuma tambayarsu ta fi harsashi. Ɗayansu ya tare ku. Ya dubi jarumin Tela ya ce: Suna?"

Tela ya faɗi sunan jaruminsa yana hura hanci.

"Daga ina?"

"Daga tauraro na bakwai."

"Wajen wa ka zo?"

"Wajen... sarkinku?"

"Dalilin zuwa? Lokacin shiga?"

Mai Gadi, wanda ke yin waɗannan tambayoyi kwana shida a mako a bakin get ɗin wani ofis, ya jingina da bango ya lumshe ido.

"Saura lokacin fita da sa hannu," ya ce.

"Ka taɓa karanta littafin ne?" in ji wata mata a bayansa.

"Shekara goma sha ɗaya ina karanta shi. Kyaftin, ni fa nan nake zuwa in huta da aiki. Na hau jirgi, na keta taurari, na sauka, sai ga aikina ya riga ni isowa?"

"Daidaituwa ce kawai. Sararin samaniya na da faɗi."

"Ni harbe su zan yi," in ji Tela, ya gaji da tambaya. Ya girgiza ɗan ludo a tafinsa, ya hura masa iska, ya jefa. Ashirin cif. Wanda ya san wasan ya san babu abin da ya fi wannan, wanda bai sani ba ma ya taya ihu. "Duba lagonsu! Me ya same su?"

Kyaftin ya duba. Layuka ne fanko har ƙasan shafi.

"Ba sa mutuwa," ya ce, "sai an sa hannu."

"Hannun wa?"

"Babban ya fita. Sai Litinin."

Tela ya miƙe tsaye zai yi rantsuwa, aka riƙe shi. Kyaftin ya sake tayar da guguwa. Auta ta ce yau kam sama ba lafiya, ko a ba ta magani. Bai kula ta ba, ya jawo baƙin littafin, ya sassauta murya.

"Ƙabila ta uku. Su ne mafi hatsari."

"Kamanninsu?" in ji Auta.

Ya buɗe shafi, fari fat. "Ba a ganinsu."

"Me suke so?"

Ya juya wani. "Ba a sani ba."

"Ƙarfinsu?"

"Babu wanda ya dawo ya ba da labari."

Abin mamaki, shago ya yi tsit. Wani a bakin ƙofa ya waiga bayansa. Tela ya koma ya zauna, ya jawo takardar jaruminsa kusa da ƙirji. Kyaftin ya ga haka, zuciyarsa ta kumbura. Ga shi nan, shirun nan da yake rayuwa dominsa. Da ya tsaya a nan wataƙila da ya tsira da kujerarsa, amma Kyaftin bai taɓa ganin wajen tsayawa ya tsaya ba. Ya ce a kai fanka lamba uku, jama'a su ji irin iskar da ke kaɗawa in baƙin nan suna kusa.

Ana murɗa ta Kawu ya yi sallama, yana goge hannu da tsumma.

"Ɗan nan, wanne ne daidai a ciki?"

"Kawu, zauna ka huta, ana wasa."

"A'a, gaya mini, don na sha wahala. Na ce wa mai shago littafin baƙi. Ya ce wane baƙi, na koyon karatu ko na ƙofar ofis? Na ce ban sani ba. Sai matar da ke karɓar kuɗi ta ce ko dai littafi baƙi aka ce, mai baƙin bango, ka ji ba daidai ba? Na ce tunda uku yaron ya ce, ku ba ni ɗaya-ɗaya, dole a dace da guda."

"Kawu akwai barkwanci," in ji Kyaftin, yana dariyar da ba ta wuce haƙora ba.

"Na ma ce musu Kyaftin ne ya aiko ni. Suka ce na wane jirgi?"

A daidai nan fankar ta kammala juyowa. Gaskiya ɗaya da Kyaftin ya faɗa a makon nan ita ce ta ƙarfin fankar nan. Huluna biyu suka tashi, taswirar taurari ta manne a fuskar Tela, kwalin jagora ya yi rawa sau ɗaya ya kwanta. Ga littattafai uku a fili. Iska ta kama na yaran tana fallasa shafukansa, bokiti, ɓera, cokali, doki, har ta wuce jaki ta tsaya a na gaba.

Malama ta miƙa wuya ta duba, aikin shekaru ya motsa mata, ta ɗaga murya irin ta aji:

"Ka! Kujera!"

"Ka! Kujera!" in ji shago gaba ɗaya, ƙatti da iyayen yara, baki ɗaya.

Dariyar da aka yi har mai aski na tsallaken titi sai da ya fito da almakashi a hannu. Kyaftin ya zauna cikinta yana kallon hoton kujerar. Kunya ta kama shi, irin wadda ke sa kunne zafi, amma can ƙasanta ya ji kamar an sauke masa kaya. Ya kashe fankar. Ya miƙe, ya kakkaɓe kujerar da hannun rigarsa, ya gyara guntun katakon da ke ƙasanta.

"Auta, zo ki hau. Kada ki jingina hagu, tana kayar da mutum. Sau bakwai ta gargaɗe ni ban ji ba."

Mai Gadi ya jawo littafin ofis ya buɗe, ya miƙa masa fensir.

"Lokacin fita," ya ce. "Sa hannu."

Kyaftin ya duba agogo ya rubuta, ya sa hannu. Tela kuwa tuni ya sa baƙin littafin a hammata, ya ce zai riƙa rubuta awon kwastomomi.

Auta ta zauna, ta tayar da kwalin, ta zaro wani ɗan ƙaramin littafi daga jakarta, duk gefensa alamun fensir. Ashe tun ranar Talata yana wajenta. Kyaftin ya samu gefen benci ya raɓa tsakanin Tela da Mai Gadi. Bai taɓa sanin haka teburin yake daga wannan ɓangaren ba, ba a ganin komai sai kwali da goshin jagora.

"Masu kan bokitin nan ba zan zubar da su ba," in ji Auta. "Sun yi mini. Babu irinsu a kowane littafi, kuma jirgi na bukatar guda ɗaya. Yaya, kai ne."

Ya ɗago. Girman ɗaki, idanu fitilu, ƙafafun doki. Kuma shi ya ƙirƙiro su, a gaban shaidu. Ƙirjinsa ya fara dawowa inda yake.

"To madalla. Ni a matsayina na wanda ya fi kowa sanin wannan ƙabila, bari in fara da bayyana muku tarihin..."

"Yaya."

"Na'am?"

"Babu wasali. Kai ka faɗa."

Ya nemi kalma guda a duk cikin kansa wadda za ta fita ba wasali, ya rasa. Shago ya yi tsit, kowa ya miƙo wuya yana jiran abin da zai ce, shirun da ya fi duk wanda ya taɓa samu a kan kujera.

"Hmm," in ji Kyaftin.

Mai Gadi ya gyaɗa kai, ya tura masa ɗan ludo.

"Shekara bakwai ina zama da kai," ya ce, "yau ne na fahimci duk abin da ka faɗa."